Wanda Ya Rage Sarƙar Toka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Magaji,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka, tare da gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Allah Ya sauke ku Dammam lafiya, kai da Rukayya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya sa aikin da ya ɗauke ka daga gabanmu ya zame maka alheri. Na cusa takardar nan a aljihun gefe na jakarka, na kuma ce wa Ummanka kada ta gaya maka tana nan sai motarku ta wuce Ɗa'if. Ka samu wuri ka zauna kafin ka buɗe, kuma ka karanta kai kaɗai.

Na san Hausar boko tana ba ka wahala, kana bin ta da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ka yi haƙuri. Larabcina na kasuwar raguna ne, ya iya ciniki, ya iya rantsuwa, amma bai iya abin da zan faɗa maka ba. Da baki kuma na gwada na kasa. Ranar da muka je sayen tayar motarka na buɗe baki zan fara, sai na ji kaina ina tambayarka ko ka duba man birki.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ummanka ta gaya mini Rukayya ta zo mata da hawaye. Wai ka ce mata idan Allah Ya sauke ta lafiya, za ka yi mata komai, za ka sayo, za ka ɗauko, za ka kai asibiti, amma kada ta taɓa barinka kai kaɗai da jaririn, kada kuma ta matsa maka sai ka riƙe shi. Wai ka ce hannunka ba shi da sa'a da abu mai rai. Ummanka ta ɗauka tsoro ne irin na sabon uba, har tana dariya. Ni ban yi dariya ba, domin na san inda maganar ta fito. Daga garkenmu na hanyar Lis ta fito, daga wurin Toka. Kana ɗauke da mutuwar karen nan tun kana yaro, kuma kayan ba naka ba ne. Zan gaya maka yadda aka yi daga farko, ko da hakan zai sa ka daina kallona da idon da kake kallona.

Ka tuna yadda ya zo mana. Lokacin ana yi mana ɓarna a garke, karnukan dutse suna shigowa suna yaga 'yan raguna. Wani makiyayi ya ba ni ɗan kwikwiyo mai launin toka, na sa shi a kwali na ajiye a bayan wanit ɗinmu, motar nan a-kori-kura. Kai ka raɗa masa Ramadi, wato mai launin toka da Larabci, ni na ce Toka, shi kuma da yake ba shi da girman kai ya riƙa amsa duka biyun. Ummanka ta ce muddin tana raye ba zai taka matakalar gidanmu na unguwar Mansur ba, kuma ta yi gaskiya, a garke ya kamata ya zauna. Na ce maka, "Daga yau abincinsa da ruwansa a wuyanka suke. In ya kwana da yunwa, kai ma haka."

Na faɗi wannan ina jin kaina wani babban mai tarbiyya. A raina ba kare na ba ka ba, jarrabawa na ba ka. Ina ganin 'ya'yan da aka haifa a nan sun yi laushi, sun saba da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da abincin leda, ni kuwa a shekarunka ina bin awaki a dajin Gaya ba takalmi. Sai na ce bari in ɗora maka abin da zai ƙona ka idan ka yi sake. Ban taɓa tsugunawa kusa da kai na nuna maka yadda ake cire kaska ba, ban gaya maka abin da kare yake ci da wanda ba ya ci ba. Tsayawa nake daga nesa, hannu a baya, ina jiran ka yi kuskure in samu abin faɗa. Kai kaɗai ka koya. Kana tattara busasshen burodin tamis daga gidajen maƙwabta, kana roƙon ƙashi wurin mahautan layinmu, kana ɗaurewa a leda biyu don kada Umma ta ji wari. Idan Allah Ya raya maka ɗanka har ka ba shi wani aiki, ka ba shi don ya iya, ka tsaya a gefensa har hannunsa ya saba. Yaro yana gane bambancin uban da ke taya shi da uban da ke gadinsa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne za ka so karen. Ni amana na yi niyyar koya maka, sai ga ƙauna ta biyo baya ba da izinina ba. Da ya ji ƙarar wanit tun daga kwanar titi sai ya fara tsalle. Kana sauka ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjinka, ya ɓata maka farar riga, kana yi masa magana da Larabci kamar ƙaninka. Wata rana ya taka kwalba, ka yaga gefen gyalen da kake yafawa a ka irin na Larabawa ka ɗaure masa ƙafa, ka zauna a ƙasa ka ɗora kansa a cinyarka. Abin ya taɓa ni, wallahi ya taɓa ni. Amma me ya fito daga bakina? Na ce, "To, likitan karnuka, in ka gama sai ka je ka yi wanka kafin ka shigar mini mota." Masu garken gefe suka kwashe da dariya, sunan ya bi ka. Ka sunkuyar da kai, ka zame cinyarka a hankali don kada ka tashe shi.

Haka aka tashe ni, amma wannan ba hujja ba ce. A garinmu uba ba ya nuna wa ɗan fari so, ba ya ma kiran sunansa. Ka lura duk Mansur suna ce mini Abu wane, da sunanka suke kirana safe da yamma ina amsawa, amma ni bakina bai taɓa furta shi ba, sai Magaji. Kunya ce, kuma abu ne mai kyau a inda ya dace. Ni sai na mayar da ita bargo na lulluɓe duk wani taushi da ke cikina, har na zo ina jin haushin in ga taushi a wurin wani. Idan ka ga ɗanka yana tausayin ƙaramin abu, kyanwa ce ko tsuntsu, kada ka yi masa dariya, ko da mutane suna kallo. Wannan tausayin shi zai yi maka amfani ranar da ƙafarka ta kasa hawa bene.

Sai shekarar da na ce ka isa ka bi mu aikin sabil. Ka san al'adar mutanen layinmu. Duk Hajji mukan haɗu mu cika babbar mota da ruwan sanyi da ƙanƙara, mu shiga Arfa da Mina muna raba wa alhazai kyauta. Da wannan muke taƙama, mu da mutanenmu suka riƙa zuwa wannan gari da ƙishirwa tun zamanin kakanni. Ka yi murna har ka kasa cin abinci. Abu ɗaya ya dame ka, wa zai kula da Toka. An sayar da raguna duka, garke ya zama wayam, kuma ba a iya sakinsa, domin ya saba bin mota har kan kwalta, sau ɗaya ma saura ƙiris tirela ta take shi. Na ce maka mu ɗaure shi, ranar Salla da rana zan zame in zo in duba shi.

Abin da ka yi a safiyar nan ina ganinsa har yanzu. Ka jawo rabin duron nan shuɗi zuwa ƙarƙashin rumfar kwano, ka wanke shi, ka cika shi har baki. Ka zuba busasshen burodi a tire. Ka ɗaura doguwar sarƙar a turke, sannan ka kama wuyan Toka ka ja shi har gaban duron, ka tura kansa ciki ka ga hancinsa yana taɓa gindin duron sarƙa ba ta ɗame ba. Ba ka tsaya nan ba. Ka ja shi wajen shinge, inda famfon tankin Abu Yasir yake ɗiga ta gefenmu, ka ga yana kaiwa nan ma. Ka ce mini, "Baba, ko duro ya ƙare, ga famfo." Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya yi tunanin da ni ban yi ba. Aikinka ba shi da aibi ko kaɗan. Ka riƙe wannan, domin shi ne gaskiyar da na ɓoye maka.

Ka shiga mota ka zauna. Ni na koma rufe ɗakin dusa. Sai ga Abu Yasir, maƙwabcin garkenmu, ya leƙo ta kan shinge. Ka san shi, dattijo ne mai mutunci, kakansa daga Katsina ya zo da ƙafa, shi kuma Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da faɗa ba. Ya ce, "Ya Abu Anas, karen nan naka yana lasar mini famfo. Da ruwan nan nake alwala. A kwanakin nan masu alfarma ma sai na yi ta wanke famfo da ƙasa?"

Da a ce na gaya masa yaro ne ya auna sarƙar saboda zafi, ya yi haƙuri har mu dawo, na san zai haƙura, ba mugun mutum ba ne. Da na ɗauko wani kwano na tara a ƙarƙashin ɗigon, da magana ta ƙare. Amma kunya ta kama ni. Mutumin da ke da takardar ɗan ƙasa yana yi mini magana a kan najasa, ni da na zo garin nan da sunan karatu. Ban so ya tafi yana cewa mutanenmu ba su san tsarki ba. Na ce, "Abshir, an gama, yanzu zan gyara." Na kama sarƙar na naɗe ta a jikin turke, na sake naɗewa, na tsinci guntuwar waya a ƙasa na murɗe ta don kada ta warware. Na duba, Toka ba ya kai wa famfo. Na duba duro, na ga harshensa yana taɓa ruwa. Duron a cike yake a lokacin, Magaji. Ban tsaya na tambayi kaina yadda zai yi idan ruwan ya sauka ba.

Ya bi ni da ido har na fita, yana kaɗa wutsiya. Na shiga mota ka ce, "Baba, lafiya ka daɗe?" Na ce kwaɗon ne ya ƙi rufuwa.

Kada ka bar kunyar idon mutum mai baki ta sa ka cuci abin da ba shi da baki. Abu Yasir zai iya yin fushi ya huce, zai iya kai ƙarata wurin dattawa, yana da hanyoyi. Toka ba shi da kowa sai mu. Kuma idan wani ya yi aiki ya gama, ko yaro ne, kada ka bi bayansa ka sauya ba ka gaya masa ba. Da na kira ka daga mota na ce ga abin da Abu Yasir ya ce, da kai ka matso da duron, domin kai ka san dalilin tsawon sarƙar, ni ban sani ba.

Zafin shekarar nan ba sai na tuna maka ba. Ƙanƙara tana narkewa kafin a sauke ta. Kana tsaye a bayan mota, fuskarka ta yi baƙi ƙirin, kana miƙa gora kana kiran, "Moya sabil, ya Hajji, ruwa kyauta." Tsofaffi suna karɓa suna shafa kanka suna sa maka albarka da harsunan da ba mu sani ba. Wata tsohuwa 'yar ƙasarmu ta riƙe hannunka ta ce Allah Ya shayar da wanda ya haife ka. Na ji daɗi har na juya baya don kada a ga idona.

Ranar Salla da hantsi ka ja mini riga. "Baba, yau ne ka ce za ka je." Na ce hanyoyi a rufe suke, kuma gaskiya ne an rufe wa ƙananan motoci. Amma mai ƙafa yana fita. Da na bi ta hanyar da aka huda cikin dutse na sauka wajen unguwar Kudai, da na samu tasi. Mutane suna yin haka don abin da bai kai wannan ba. Abin da ya hana ni shi ne shugaban tafiyarmu zai tambaye ni ina za ni, kuma ban ga yadda zan buɗe baki a Mina, ranar layya, a gaban dattawa, in ce zan bar shayar da baƙin Allah in je duba kare ba. Lambar Abu Yasir tana cikin wayata. Na fito da ita na duba, na mayar aljihu. Mutumin da ya yi mini ƙorafin kare, shi zan roƙa ya je ya ba karen ruwa?

Washegari ka sake tambaya. Na daka maka tsawa na ce kai da ka cika duro har baki, me kake tsoro, ko ba ka yarda da aikinka ba? Ka ci gaba da miƙa ruwa, amma kiran naka ya ragu. Ni na sani a lokacin. Kowace gora na miƙa sai na ga duron nan a idona, ruwan yana sauka. Na yi ta gaya wa kaina kare yana da juriya. Ni ne na koya maka labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, da bakina na koya maka shi a kan tabarma, kana maimaitawa.

Alherin da ake yi a gaban jama'a yana da daɗi, ɗana, ana gani, ana sa albarka. Ba na cewa ka bar shi. Amma kafin ka fita yi wa duniya hidima, ka tabbata wanda ka rufe wa ƙofa a gida yana iya kaiwa ga ruwansa. Wajibinka shi ne wanda idan ba ka yi ba babu mai yi. Alhazai suna da motocin sabil a kowace kwana, da mun ragu da mutum ɗaya ba wanda zai kwana da ƙishi.

Da aka sake mu muka nufi garke kai tsaye, ko gida ba mu biya ba. Tun daga kwanar titi na kasa kunne, ban ji haushi ba. Kai ma ka ji shirun, domin tun mota ba ta tsaya ba ka buɗe ƙofa. Yana kwance ya miƙe wuya wajen duron iyakar inda sarƙa ta bar shi. Ƙasar gabansa duk ya tone ta da farce. Gashin wuyansa ya cinye. A cikin duron kuma akwai ruwa, ya kai tsawon tafin hannu, ya yi ɗumi, ƙura ta kwanta a kansa.

Ka durƙusa ka ɗaga kansa kana kiran Ramadi, Ramadi. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, abin da na fara yi shi ne na matsa jikin turke, na sa jikina na kare, na warware guntuwar wayar nan na jefa ta bayan shinge. Da ka ɗago ka ga sarƙa a naɗe, sai ka ce cikin kuka, "Ya zagaye turken ne, Baba. Ya yi ta zagayawa har ta naɗe." Kai da kanka ka miƙo mini mafita, ni kuma na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Haka karnuka suke yi. Da ka matso da duron kusa da turke, da bai kai ga haka ba."

Wannan ita ce magana mafi muni da na taɓa faɗa a rayuwata. Na yi faɗa da mutane, na yi rantsuwar kasuwa da ban cika ba, amma babu wadda ta kai wannan. Ka dube ni, ka dubi duron, na ga lokacin da maganar ta shige ka ta zauna. Ban tsaya nan ba, domin kukanka yana tona mini ciki. Na ce ka share hawaye, namiji ba ya yi wa kare kuka, ka ajiye shi don mutane. Ka share. Ka ɗauki shebur ka tafi bayan ɗakin dusa cikin rana tsaka, ka haƙa ƙasar nan mai tauri kai kaɗai. Na zo zan karɓi shebur ka ce, "Bari, Baba, aikina ne." Ban sake ganin hawayenka ba daga ranar, ko a rasuwar kakarka.

Na yi ta cewa gobe zan gaya maka. Da farko na ce bari zafin ya huce. Da ya huce na ce me ya sa zan tayar da abin da ya kwanta. Sai kuma ka fara canzawa ta hanyar da mutane ke yabo. Ka zama mai duba tukunyar gas ka koma ka sake dubawa, mai jijjiga ƙofa bayan ka kulle, mai tashi daga kan abinci don ya tabbata an rufe famfo. Malamanka suna yabo, maƙwabta suna cewa a ba ka ajiya a kwanta barci. A majalisa ana cewa a je a koyi tarbiyya wurina, ni kuma ina gyara zama ina cewa ai kare na ba shi tun yana ƙarami, daga nan ya koyi riƙon amana. Ka ji ƙarfin hali. Na ci yabo da ciwonka.

Amma ina gani. Na ga kyanwa ta haihu a ƙarƙashin matakala ka canza hanya. Na ga ranar sunan ɗan ƙanwata an miƙo maka jariri ka mayar da hannuwanka baya ka ce kana mura. Ban koya maka amana ba, Magaji, kana da ita tun kafin in taɓa ka. Tsoro na koya maka, na kuma kashe maka tausayin da ke tafe da amanar. Mai kula saboda tsoro yana gajiya, kuma waɗanda yake kula da su suna jin sanyin hannunsa. Rukayya yarinya ce mai haƙuri, amma ba direba ta aura ba, ba kuma mai gadi ba. Za ta haihu a garin da ba ta da uwa ba ta da 'yar'uwa. Akwai ranar da za ta gaji har ta kasa ɗaga kai, ta miƙo maka yaron, kuma babu kowa a ɗakin sai kai.

Za ka yi wa ɗanka kuskure, wannan babu makawa, kowane uba yana yi. Idan ka yi, ka gaya masa a ranar, kafin rana ta faɗi. Ka tsuguna daidai tsawonsa ka ce ni ne na yi, ba kai ba. Na ɗauka idan na faɗi haka zan zube a idonka. Da na faɗa a ranar, da ka yi fushi da ni na wani lokaci, ka yi kukan karenka yadda ya kamata, ka wuce. Don in tsare girmana na 'yan kwanaki, na bar ka da wannan har ka yi gemu.

Ummanka ba ta sani ba. Na yi niyyar gaya mata da zarar motarku ta tashi, in ji abin da za ta ce, kuma na san ba kaɗan ba ne. Abu Yasir ma bai san abin da maganarsa ta jawo ba, kada ka riƙe shi, famfonsa ya nema a bar masa, bai ce a kashe kare ba. Na roƙi Allah gafara a kan Toka a wurare masu alfarma da yawa, ina kuma sa ruwa a tsohon kwano a bayan garke saboda karnukan dutse, waɗanda a da nake jifa. Amma haƙƙinka ba a Ka'aba zan biya shi ba, sai a wurinka.

Ban ce ka yafe mini yanzu ba. In ka kira ni zan ɗauka ko ina tsakiyar ciniki. In ka ga ba za ka iya jin muryata ba sai bayan wani lokaci, na fahimta, ka riƙa kiran Ummanka dai don hankalinta ya kwanta. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba don kaina ba. Ranar da ungozoma ta fito da jaririn nan a cikin zane, kada ka mayar da hannunka baya. Hannun nan shi ya ɗaure ƙafar Toka da gyale, shi ya auna sarƙa har gindin duro, shi ya tuna da famfo. Ban san hannun da ya fi shi sa'a da abu mai rai ba.

Allah Ya tsare fitarka da shigarka. Ya sauki Rukayya lafiya, Ya raya abin da za ta haifa, Ya sa ya yi tausayinku kamar yadda za ku yi tausayinsa. Ya kare ku daga zafin rana da mugun maƙwabci da ciwon da ba a san kansa ba. Ya haɗa fuskokinmu da alheri, in kuma ban kai ba, Ya sa ka riga ka sauke wannan kaya kafin labarina ya zo maka.

Duron yana daidai inda ya kamata. Ni na rage sarƙar.

Ba kai ba ne, Anas. Ka ɗauki ɗanka.

Mahaifinka.